Ranar da Littafin 'Yan Farko Ya Ɓace

Saura kaɗan in bar wannan labari a cikina. Aji huɗu na tsaya a makaranta, kuma ko baƙi aka yi a gida, ɗaki nake shigewa. Yayata ce ta ajiye mini takarda da biro a kan tabarma, ta ce tunda hannunta ya daina riƙe biro, ni ce hannunta. Abin da zan faɗa daga bakin Insifekta na ji shi. Maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ya ba babanmu labarin tiryan-tiryan ina zuba musu shayi.

Ranar Litinin da ƙarfe takwas da rabi na safe, Insifekta yana cikin tsoma burodi a shayi, wayar tebur ta yi ƙara. Ya ɗauka da hannun hagu.

"Yallaɓai, daga hedikwatar uwar ƙungiyar ƙwadago ne. An yi mana sata."

"Me aka ɗauka?"

"Littafi."

Insifekta ya dubi burodinsa da ya fara narkewa. "Littafi ɗaya?"

"Yallaɓai, gara a ce ginin aka ɗauke aka bar mana shi."

Ya kira Saje suka hau mota. Shi Saje mutum ne mai ƙiba da son wasa, kuma duk inda za a je sai ya tambaya ko za a daɗe, saboda cikinsa ba ya son jira.

Hedikwatar tsohon gini ne hawa biyu, an jera hotunan zanga-zanga a bango tun daga ƙofa har bene. Sakataren ƙungiya ya tarye su yana share gumi da hannun riga. Ya kai su wani ƙaramin ɗaki a ƙarshen baranda, ya nuna musu akwatin katako a buɗe a kan tebur. Ba komai a ciki sai ƙyallen da aka shimfiɗa.

"Littafin 'Yan Farko muke kiransa," in ji Sakatare. "Shekara hamsin da suka wuce, ma'aikatan tsohuwar masaƙa suka yi yajin aiki na farko a ƙasar nan. Kwana goma sha tara. Daga wannan yaji aka haifi ƙungiyar nan. Duk wanda ya fita ya dangwala yatsa a littafin. A cikinsa kuma aka ɗinke yarjejeniyar da masu masaƙu suka sa wa hannu da hatimi."

"Me yarjejeniyar ta ce?"

"Abubuwa da yawa. Awa takwas, hutun ƙarshen mako. Amma sharaɗin da ya dame mu yanzu shi ne na bakwai: duk wanda inji ya raunata ba a korarsa, sai a ba shi aikin da zai iya. Akwai wata 'yar masaƙa da inji ya cinye mata yatsu biyu wata uku da suka wuce, kamfani ya sallame ta. Mun kai ƙara kotun ma'aikata. Lauyansu ya ce kwafin da muka kawo ba hujja ba ne. Alƙali ya ce mu kawo asalin jibi Laraba, in ba haka ba ya kori ƙara."

Insifekta ya san yarinyar. Kowace safiya yana ganinta a ƙofar gidan maƙwabcinsa, hannu naɗe da bandeji, tana kallon abokan aikinta suna wucewa.

"Yaushe ka ga littafin da idonka?"

Sakatare ya sosa ƙeya. "Gaskiya ban taɓa ganinsa ba. Ba a buɗe akwatin. Ɗaure yake da zare, a haka muke ɗauko shi ranar taron shekara, a ɗaga, a tafa, a mayar. Ranar Juma'a dai na ɗaga shi da nauyinsa. Yau na ji shi kamar kwali, na sa almakashi na yanke zaren."

Insifekta ya tsuguna ya ɗauki zaren daga ƙasa. Tsohon zare ne mai kauri, ya koɗe. Inda ya daɗe yana kwance a kusurwar akwatin ya lanƙwashe ya yi baƙi, amma ƙullin ba a tsohon wurinsa yake ba. An kwance, an sake ɗaurewa. Ƙullin kuwa ɗan ƙarami ne, a kwance luf, da ƙyar yatsa ke jin tudunsa.

"Ɓarawo mai ladabi," in ji Saje. "Ya ci ya wanke kwano."

Insifekta ya sa zaren a ambulan. "Wa ke riƙe makullin ɗakin nan?"

"Maigadi. Ni shi nake zargi, Yallaɓai. Kamfani ya saye shi."

"Kai fa? Ka yi magana da wani daga kamfanin kwanan nan?"

"Ni? Allah ya kiyaye! Ko gaisuwa ba ta haɗa mu."

Maigadi dattijo ne siriri, yana zaune a ɗan ɗakinsa na bakin ƙofa, idonsa ya yi ja. Ya riga ya ji abin da ake faɗa a kansa.

"Shekara ashirin da biyu ina wannan ƙofa, ranka ya daɗe. Ko tsintsiya ba ta taɓa ɓata ba."

"Asabar da Lahadi wa ya shigo?"

"Ba baƙon da ya shigo. Ga rajista."

Insifekta ya buɗe. Shafin Asabar fari fat, na Lahadi ma haka. Ya mayar masa, ya koma baranda yana duban ƙasa. Ba a yi shara ba tun Juma'a. A cikin ƙurar akwai wasu 'yan tambura zagayayyu kamar bakin kwalba, a jere, daga matakala har ƙofar ƙaramin ɗakin, suka kuma dawo.

Yana tsugune sai ya ji hayaniya a ƙofa. Ma'aikatan da suka taru a harabar duk sun miƙe tsaye. Wani tsoho ne ya shigo da farar riga, tabarau rataye a wuyansa, yana dogara sanda. Maigadi ya buɗe masa ƙofa har da rusunawa, bai ko kalli rajista ba.

"Wane ne wannan?"

"Baba Mai Jiniya ke nan," Sakatare ya ce da murya ƙasa-ƙasa. "Shi ya busa jiniyar da ta fito da mutane ranar yajin farko. Duk ƙasar nan ba ma'aikacin da bai san shi ba."

Aka kai Baba ofishin Sakatare aka ba shi kujera mai laushi. Saje ya tsaya a waje, ta bayan gilashin taga.

"Baba, sannu da zuwa," in ji Insifekta, yana tsaye a bayansa yana neman kujera.

Tsoho bai juyo ba.

"Kunnensa ya yi nauyi," in ji Sakatare. "Sai ka zo gabansa."

Insifekta ya zauna suna fuskantar juna. Nan take hira ta buɗe.

"Ɗana, wannan abu ya kashe mini jiki. Ni da na ga ranar da idona! Ina ɗakin tukunyar tururi, ni ke ba ta wuta. Ƙarfe goma daidai na kama igiyar jiniya na ja, ban saki ba sai da injuna ɗari huɗu suka yi tsit."

"Ba a wajen saƙa kake ba ke nan?"

"Ban taɓa taɓa injin saƙa ba. Ni mutumin wuta ne."

"Yaushe rabonka da nan?"

"Tun Juma'a, da aka ce za a buɗe littafi gobe Talata a karanta sunaye a gaban jama'a kafin a kai kotu. Na ce musu ba a kyauta ba, takardar ta tsufa. Amma yaran yanzu wa yake jin magana?"

A waje, ta bayan gilashi, Saje ya karkata wajen wani kofur ya yi masa raɗa. Ko Insifekta bai ji komai ba. Sai Baba ya ɗaga sanda ya nuna tagar.

"Kai mai tumbi! In surutuna ya ishe ka kuma yunwa kake ji, akwai mai burodi a bakin titi."

Ofis ya ɗauki dariya. Saje ya yi wuƙi-wuƙi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Insifekta ma ya yi murmushi, amma idonsa yana kan robar da ke gindin sandar.

A mota Saje ya ce, "Wallahi Yallaɓai tsohon nan aljani ne. Abin da na faɗa ke nan, kalma ba ta faɗi ba."

"Gobe ka riƙa rufe baki da hannu. Me ka samo mini?"

"Na leƙa wajen mai burodin, ya ce ranar Asabar da rana ya ga Sakatare a gidan gaba na motar manajan kamfanin."

Suka juya mota. Da aka tsare Sakatare da wannan magana, sai gumin ya dawo sabo.

"Na yi ƙarya, Yallaɓai, na amsa. Roƙonsa na je yi ya mayar da yarinyar ba sai an je kotu ba. Dokarmu ta hana shugaba ganin kamfani shi kaɗai. In 'yan ƙungiya suka ji, kujerata ta tafi. Amma littafi, na rantse ban taɓa ba."

"Me manajan ya ce?"

"Dariya ya yi, ya sauke ni a hanya."

Insifekta ya miƙa masa guntun igiya ya ce ya ɗaura. Sakatare ya yi wani ƙatoton ƙulli kamar na ɗaurin akuya. Insifekta ya ce ya tafi, amma kada ya yi nisa.

Da yamma kafin ya shiga gida, Insifekta ya yi sallama a gidan maƙwabcinsa. Yarinyar mai rauni tana zaune a tsakar gida tana koyon tsintar shinkafa da hannun hagu. Ƙanwarta na ganinsa ta kwashi takalma ta shige ɗaki.

"Kawu, an ce littafin ya ɓata," ta ce, ba ta ɗago ba. "Shi ke nan ko?"

"Wa ya ce shi ke nan? Duba mini wannan."

Ta juya zaren a tafin hannunta. "Ƙullin masaƙa ne, don kada ya maƙale a inji. Amma mu ba ma yin irinsa. Yanzu akwai ɗan ƙarfen da ke ɗaure mana, ka matsa kawai. Wannan na mutanen da ne. Ka tambayi Iya Mai Kaɗi, tana cikin 'yan farko."

"To in tambaye ki. Kurma zai iya jin raɗa ta bayan gilashi?"

Ta yi dariya, karo na farko da ya ji dariyarta a wata uku. "Kawu, ai ba ji yake ba, gani yake. A ɗakin saƙa ko ihu ka yi ba mai jinka. Leɓe muke karantawa. Ni da ƙanwata muna zagin shugaban layi daga wannan bango zuwa wancan, yana tsaye a tsakiya bai sani ba."

"Kowa a masaƙa ya iya?"

"A'a. Sai wanda ya shekara a gaban inji."

Ranar Talata da safe suka sami Iya Mai Kaɗi a bakin ɗakinta tana shan hantsi. Idonta ya dushe, amma bakinta na nan garau.

"'Yan sanda a gidana? Shekara hamsin kun makara. Wancan karon da kulake kuka zo."

"Yau da gaisuwa muka zo, Iya," in ji Saje.

"Gaisuwa hannu rabbana? Zauna dai, kada ka karya mini kujera."

Insifekta ya sa mata zaren a hannu. Ta shafa ƙullin da babban yatsa, fuskarta ta sake.

"Allah sarki. Rabona da wannan tun ina da haƙorana. Na mazan layin saƙa ne a tsohuwar masaƙa. Da hannu ɗaya suke yinsa, inji na gudu. Wanda ya yi wannan ya yi shi sau dubu dubu."

"Mai ba tukunya wuta zai iya?"

"Ina! Waɗannan hannunsu duk tabon ƙuna ne, ko maɓallin riga da ƙyar suke sawa."

"Iya, kin ga wanda ya busa jiniya ranar yajin?"

"Ji na yi, ɗana, ban gani ba. Mu mata muna can ɓangaren kaɗi, mutum dubu biyu a masaƙar, wa ya san wani? Bayan yaji aka watsa mu gari-gari, masaƙar ma ta mutu. Sai bayan shekara goma na zo taro na ji ana ga Mai Jiniya, ga Mai Jiniya. Na tafa tare da kowa."

"Wa ya kawo dokar kada a buɗe akwatin?"

"Shi. Ya ce girmamawa ce. Muka ce to."

Insifekta ya miƙe, sai kuma ya tsaya. "In kin je hedikwata, kina sa hannu a rajistar ƙofa?"

Iya ta buga cinya. "Ni? Ɗan farko ba ya sa hannu a ƙofar ƙungiya! Mun sa sau ɗaya ranar da sa hannu ke kai mutum kurkuku. Wannan ya ishe mu har kabari. Duk maigadin da ya miƙo mini biro sai na karya shi."

Daga nan hedikwata suka nufa. Maigadi na ganinsu ya miƙe tsaye.

"Jiya na tambaye ka wa ya shigo, ka ce ba baƙo," in ji Insifekta. "Yau na sake tambaya. Wa ya shigo wanda ba baƙo ba?"

Maigadi ya ce, "Ai... Baba ne kawai. Lahadi bayan azahar. Ya ce zai yi sallama da littafi kafin a kai shi hannun lauyoyi. Na ba shi makulli. Amma ranka ya daɗe, Baba ai ba shigowa yake ba, gidansa ne."

"Da me ya fita?"

"Da babbar rigarsa da sandarsa." Sai idonsa ya fito. "A'a. A'a, ranka ya daɗe. Gara a ce ni ne."

"Ba kai ba ne. Zauna ka sha ruwa."

Gidan Baba ɗaki biyu ne a bayan tashar mota. Bangon falon cike yake da lambobin yabo da hotunansa tare da shugabannin ƙungiya na kowane zamani. Ya karɓe su da fara'a, ya sa aka kawo ruwa.

Insifekta ya zauna a gabansa da fayil a cinya, irin mai igiya. Tun a mota ya tsinke igiyar da gangan. Yana buɗewa takardu suka zube.

"Kayan gwamnati ke nan," ya ce yana tattarawa. "Baba, riƙe mini wannan."

Ya miƙa masa fayil ɗin da guntayen igiyar biyu, ya sunkuya yana tsintar takardu, yana tambayarsa labarin kwana na sha tara. Baba ya shiga ba da labari, idonsa a kan leɓen Insifekta. Yatsunsa kuwa suna nasu aikin. Kafin ya kai ƙarshen zance, igiyar ta haɗe.

Insifekta ya karɓa. Ya fito da zaren ambulan ya ajiye kusa da igiyar a kan tebur. Ƙulli biyu, kamar tagwaye.

Insifekta ya dubi tsohon.

"Baba, mutumin wuta ba ya wannan ƙulli. Ba ya karanta leɓe ta bayan gilashi. Hannunka kuma ba tabon ƙuna ko ɗaya. Sandarka ta bar sawu har ƙofar ɗakin, maigadi ya ba ka makulli ranar Lahadi. Ina littafin?"

Tsoho ya daɗe yana kallon yatsunsa kamar yau ya fara ganinsu.

"Shekara hamsin ina tsare bakina," ya ce a hankali. "Ban taɓa tunanin in tsare hannuna ba."

Ya miƙe da ƙyar ya shiga ɗaki. Saje ya yunƙura zai bi shi, Insifekta ya riƙe masa hannu. Can sai ga Baba ya fito rungume da wani abu a cikin rigar matashi. Ya ajiye a tebur. Littafi ne babba mai baƙin bango, ga reza sabuwa a saƙale a tsakiyarsa.

"Ba ni na busa jiniya ba. Dogo ne, abokina, shi ne mai tukunya. Ɗakinmu ɗaya kafin in yi aure. Aka kama shi a kwana na uku, bai fito da rai ba. Ni kuwa masaƙi ne, inji na goma sha biyu. Ranar da kowa ya fita, ni na zauna. Matata na da tsohon ciki, a gidan kamfani muke, aka ce duk wanda ya fita a kwashe kayansa a zuba a titi. Kwana goma sha tara ina shiga ta ƙofar baya."

Ya share ido da gefen riga.

"Da aka gama, aka kira mu, mu ashirin da wani abu, aka ce mu dangwala a wani shafi daban. Ban iya karatu ba, ɗana, har yau. Amma na san shafin maciya amana ne, me kuma zai zama? Bayan shekaru na zo garin nan, a wani taro aka ce wa ya san labarin jiniya. Na tashi in ba da labarin Dogo. Ban san yadda aka yi ba, bakina ya ce ni. Aka ɗaga ni sama. Daga ranar ban sami hanyar saukowa ba."

"Rezar fa?"

"Na so in yanke shafin in mayar da littafin kafin Laraba. Wallahi ban nufi yarinyar nan da sharri ba. Sai na tarar shafin nawa shi ne bayan takardar da ke da hatimi. Ganye ɗaya ne. In na yanke kunyata, na yanke aikinta. Kwana biyu ina zaune da reza a hannu, na kasa gaba na kasa baya."

Insifekta ya jawo littafin ya buɗe a hankali. Ga yarjejeniya, ga sharaɗi na bakwai, ga hatimi ja bai goge ba. Ya juya ganyen. Sunaye ashirin da shida, kowanne da tambarin yatsa a gefensa. Ya karanta rubutun da ke sama, ya sake karantawa, sannan ya ɗago yadda tsohon zai ga bakinsa sosai.

"Baba, ba wanda ya taɓa karanta maka wannan?"

"Wa zan ba?"

"To kalli bakina. An rubuta: Waɗannan 'yan'uwanmu ne da tsoro ko larura ta sa suka shiga aiki a kwanakin yaji. Ƙungiya ta yafe musu. Kada a kore su, kada a goranta musu, su da 'ya'yansu. Duk haƙƙin da muka samu, nasu ne tare da mu."

Baba ya ce, "Sake faɗa."

Insifekta ya sake.

Tsoho ya kifa kai a kan sandarsa, kafaɗunsa suna rawa. Saje, da bakinsa ba ya zama, ya juya yana duban hotunan bango yana jan hanci.

Da ya natsu, Baba ya miƙo hannayensa biyu. "Sa ankwar."

"Ba na sa wa sa'an kakana ankwa. Amma za ka bi ni ofis ka ba da bayani a rubuce, sata sata ce. Abin da ƙungiya za ta yi da ƙararta, ita ta sani."

"Na yarda. Alfarma ɗaya nake roƙo. Yau ne za a karanta sunaye. Mu biya ta hedikwata, in faɗa musu sunan Dogo da bakina."

Haka aka yi. Harabar ta cika maƙil. Baba ya sauko daga motar 'yan sanda, maigadi ya ruga ya buɗe ƙofa. Sai tsoho ya tsaya, ya nuna rajista.

"Kawo tawada. Ni mai sa hannu ne."

Ya dangwala yatsa, ya shiga, ya faɗi abin da zai faɗa a tsaye, bai rage komai ba. Ba wanda ya tafa, ba kuma wanda ya yi ihu. Iya Mai Kaɗi ce kawai ta ɗaga murya daga kujerar gaba.

"Tsohon banza! Shekara arba'in ina tafa maka har hannuna ya yi kanta. Je ka dawo, shayinka na nan."

Saje ya riƙe masa sanda, Insifekta ya kama hannunsa, suka sa shi a mota suka tafi.

Ranar Laraba alƙali ya duba hatimin da tabarau biyu, ya ce a mayar da yarinyar, wato Yayata, bakin aiki. Aka ba ta ɗakin duba yadi, inda ido ake buƙata ba yatsu ba. Da yamma Insifekta ya shigo gidanmu ya ba babanmu wannan labari, Yaya tana ta dariyar Saje.

Shekara biyu ina aiki a masaƙa ban shiga ƙungiya ba, don an ce sai mutum ya tsaya gaban Sakatare ya faɗi sunansa da ƙarfi. Washegari da safe na yi wanka, na ari mayafin Yaya, na tafi hedikwata kafin jiniyar ƙarfe bakwai. Maigadi ya miƙo mini rajista da biro. Na juya zuwa shafin Talata, a ƙarshensa na ga tambarin yatsan Baba, ya ɗan karkace. Na rubuta sunana a ƙarƙashinsa, harafi ɗaya bayan ɗaya, na hau bene.